18 ga Afrilu: yau inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa

Tun da sassafe muka hau rufin wani gida a Tudun Jukun, ni da yaron shagona, da niyyar mu gama ɗaure farantan sola kafin kwano ya ɗauki zafi. Ina! Ƙarfen da aka yanko mana ya gaza, sai da aka koma Sabon Gari aka sake yanko wani, kafin ya iso hantsi ya dubi ludayi tuni. Duk wanda ya taɓa dafa kwanon rufi da tafin hannu a Afrilun Zariya ba ya bukatar dogon bayani.

Dab da sha biyu da rabi muka sauko shan ruwa. Yaron ya dire bokiti a tsakar gida, ya tsaya yana kallonsa, ya ce, "Oga, wannan bokitin fa ba shi da inuwa." Na duba turmi, na duba randa, duk haka. Tawa ma ta taru a ƙarƙashin takalmina. Zariya tana wajen digiri 11 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, shi ya sa sau biyu a shekara rana take bi ta tsakar kanmu daidai: yanzu tana kan hanyarta ta zuwa arewa, sai kuma wajen 24 ga Agusta idan ta juyo. Ta Agusta ba kasafai ake lura da ita ba, gajimare ne ke rufe sama. Mutumin Alƙahira ko na Landan kuwa har ya mutu ba zai ga haka a garinsu ba, don rana ba ta wuce digiri 23.4 arewa.

Alhaji mai gidan yana gindin darbejiya da mafici a hannu, duk yana jinmu. Ya ce, "Malam, ai ranar ce ta sauko ƙasa-ƙasa. Haka take yi duk bazara."

Na ce, "Allah ya ƙara maka lafiya, Alhaji, ba saukowa ta yi ba, miƙewa ta yi."

Tsakaninmu da rana kusan kilomita miliyan 150 ne, kuma abin da ya fi ba shi dariya shi ne da na ce a farkon Janairu muka fi kusa da ita, wajen kilomita miliyan 147, lokacin da kowa ke ƙudundune cikin bargo ana jin ɗumi a bakin murhu. A farkon Yuli muke yin nisa, wajen miliyan 152. Ashe ba kusanci ne ke kawo gumi ba. Duniya a karkace take zagaya rana, to karkatar ce ke sa haske ya faɗo mana wani lokaci a tsaye, wani lokaci a gicciye. Na karɓi tocilar maigadi na haska bangon zaure kai tsaye, haske ya taru wuri guda, na karkata hannu, ya bazu ya dushe. A ƙarshen Disamba rana tana kauce wa tsakar kanmu da sama da digiri 34 wajen kudu, ga ƙurar hunturu ta tare wani kaso. Yau kuwa babu kaucewa, babu ƙura, babu gajimare. Alhaji ya gyaɗa kai ya ce, "To, ko miƙewa ko saukowa, ni dai a kunna mini fanka kafin la'asar."

Wannan zafin da masu saye ke ɗauka riba ce, a wurin sola asara ce. Haske faranti yake ci, ba zafi ba. Ƙarfin da aka rubuta a bayansa an gwada shi ne a digiri 25, kuma duk digiri ɗaya da ya ƙaru yana rage kusan kashi 0.4 cikin ɗari. Shi ya sa ba na yarda a manna faranti a jikin kwano, ko da mai gida zai ce ina ɓarnar ƙarfe. Dole a bar wa iska hanya ta ƙasa.

Azahar a masallacin unguwa muka yi. Bayan sallama na ba ladan labarin bokiti, dattijo ne mai son hira. Bai yi mamaki ko kaɗan ba. Ya ce iyayensu da taƙi suke auna inuwa kafin agogo ya yawaita: idan ta gama raguwa ta fara ƙaruwa wajen gabas, rana ta yi zawali, azahar ta shiga, idan tsawonta ya kai tsawon mai ita, ban da ɗan abin da ya rage lokacin zawali, la'asar ta shiga. Na ce, "Baba, yau wannan ɗan ragowar babu shi, lissafinku ya zo da sauƙi." Na ƙara masa da cewa Makka ma tana da nata ranakun: 27 ko 28 ga Mayu da misalin 10:18 na safe agogon Najeriya, da 15 ko 16 ga Yuli da misalin 10:27, rana tana tsayawa saman Ka'aba, duk wanda ya juya wajenta a wannan lokacin alƙibla ya fuskanta. Ya ce in rubuta masa a takarda, zai gwada sahun masallacin.

Fankar Alhaji ta juya bayan la'asar da kaɗan. Ya yi mana afuwa.

Da yamma aiki ya kai ni Samaru, na wuce ta gefen jami'a, sai na tuna da ɗan tukunyar nukiliya da Cibiyar Binciken Makamashi ta ABU ta fara aiki da ita a 2004. Don bincike aka kafa ta, ƙarfinta a lokacin wajen kilowat 30, tana fasa ƙwayoyin yuraniyom. Rana akasin haka take yi: a can tsakiyarta, inda zafi ya kai digiri miliyan 15, matsi ne ke haɗe haidurojin ya koma hiliyom, kusan tan miliyan 600 a kowace daƙiƙa, yau shekara biliyan 4.6. Hasken da ya bar fuskarta minti 8 da daƙiƙa 20 yake yi kafin ya iso mu, kuma duk da wannan nisa, da tsakar rana irin ta yau kowane murabba'in mita ɗaya yana samun kusan kilowat ɗaya. Wato kwanon ɗaki biyu ya karɓi abin da ya kai ƙarfin waccan tukunya. Mu kuwa muna ta ƙorafin rashin wuta.

Dare ya yi, ɗaki ba ya shiguwa, kowa ya fito da tabarma waje. Maƙwabcina da ke noman masara ta wajen Giwa shi kaɗai ne ba ya tsine wa zafin. Yana da gaskiya. Idan ƙasar arewa ta gasu, iskar da ke kanta tana tashi sama, sai mai danshi daga tekun Atlantika ta kwararo ta kudu maso yamma ta maye gurbinta, duk da cewa shi hadarin ta gabas yake taso mana. Damina bayan rana take bi, da ratar 'yan makonni. Ya ce tun shekaranjiya ya ji iska ta sauya, gumi ya daina bushewa a jiki. Amma ko gobe aka yi ruwa ba zai taɓa irinsa ba, sai ƙasa ta sha ta ƙoshi, don bara waɗanda suka yi gaggawa sai da suka sake shuka, ga tsadar iri, ga ta taki.