Ruwan sama da ƙararrawa a ƙarshen faifan "13"

Daren jiya na sake kunna faifan "13" na ƙungiyar makaɗan Birtaniya Black Sabbath, na saurare shi daga farko har ƙarshe, waƙoƙi takwas ɗin nan, ban tsallake ko ɗaya ba. Rabon da in yi haka tun kafin rasuwar mawaƙinsu Ozzy Osbourne a watan Yulin 2025. Na kashe fitila, na sa abin sauraro a kunne, na kwanta rigingine kamar yadda na yi a 2013 lokacin da faifan ya fito.

A wancan karon da fargaba na kunna shi. Shekara 18 ƙungiyar ba ta fitar da sabon faifan situdiyo da sunan Black Sabbath ba, rabonsu kuwa da yin cikakken faifan situdiyo da muryar Ozzy tun 1978, wato shekara 35 cur. Na sha ganin makaɗan da nake ƙauna sun dawo bayan dogon shiru, sai ka ji sunan yana nan amma zuciyar ta tafi. Ban so haka ta faru da waɗannan dattawan na Birmingham ba, su da kusan kowane mai kiɗan metal (salon rock mai nauyin sauti) a duniya daga gidansu ya ɗebo wuta.

Kaɗawar jita ta farko ce ta kwantar min da hankali. Sauti mai nauyi, mai tafiyar hawainiya, kamar ana jan ƙofar ƙarfe a kan daɓe. Hannun Tony Iommi ne, ba wanda zai ruɗe shi da na wani. Yana ɗan shekara 17 injin masana'antar ƙarfe ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama, shi kuwa bahago ne, da wannan hannun yake danne tsirkiya. Sai ya narka robar kwalba ya yi wa yatsun 'yan huluna, ya lulluɓe su da fata, ya koma amfani da siraran tsirkiyu, daga baya ya sassauta ɗaurinsu don rage zafi. Nauyin nan da muke ji a kiɗan yana da nasaba da wannan rauni. Duk lokacin da ya ja tsirkiya ta yi kuka, waɗannan yatsun nake hangowa.

Kuma ba da lafiya ya yi wannan aikin ba. Sun sanar da dawowarsu a Los Angeles ranar 11 ga Nuwamban 2011, wata biyu bayan haka aka bayyana cewa Iommi na fama da sankarar lymphoma. Dole aka mayar da aikin tsara waƙoƙin Ingila don ya kasance kusa da likitocinsa. Mutum yana shan magani mai karya jiki, yana kuma fito da irin waɗannan kaɗe-kaɗe. Wallahi na kasa raba wannan sani da abin da kunnena ke ji.

Furodusan, Rick Rubin, ya zaunar da su ya kunna musu faifansu na farko na 1970, yana so su koma can su ɗora. Wannan shawarar ta yi rana a "Damaged Soul", waƙar da na fi so a duka faifan. Kusan minti takwas na salon blues, Ozzy na busa hamonika, jitar bes ta Geezer Butler na yawo a ƙasa yadda ta ga dama, ba mai gaggawa. A nan kaɗai nake jin mutane ne a ɗaki ɗaya suna kallon juna suna kiɗa. A wasu wuraren kuwa an cika wa sautin ƙara har ya cunkushe, kunne na gajiya kafin a kai tsakiya. Wannan laifin na masu haɗa sauti ne, kuma har yau yana damuna.

Abin da ya fi ci min rai shi ne rashin Bill Ward, mai gangunansu. Su huɗu suka kafa ƙungiyar a 1968, su huɗu suka zauna a wajen sanarwar, amma saɓani kan kwantiragi ya sa ya janye. Brad Wilk na ƙungiyar Rage Against the Machine ne ya karɓi ganguna, mutumin da aka haifa a shekarar da aka kafa ƙungiyar. Ya yi ƙoƙari, ba zan ci amanarsa ba. Sai dai Ward da kiɗan jazz ya tashi, dukansa na da rangaji, yakan ɗan jinkirta sannan ya faɗo inda ba ka zata ba. Wilk daidai yake dukansa, kamar agogo. Jiya ma sai da na riƙa saka Ward a zuciyata a kowace gaɓa.

Faifan ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya, karon farko tun faifansu "Paranoid" a 1970, ya kuma zama na farkonsu da ya kai haka a Amurka. Waƙa ɗaya daga ciki ta ci lambar yabo ta Grammy a 2014. Na yi murna da duk wannan, amma ba shi ya riƙe ni ba.

Ƙarshen waƙar ƙarshe ce, "Dear Father". Jita ta yi shiru, sai ga ruwan sama, ga tsawa, ga ƙararrawa daga nesa. Sautin da ya buɗe faifansu na farko ke nan, shekara 43 baya. A 2013 tsigar jikina ta tashi, na ce mutanen nan sallama suke yi mana. Ba su sake yin wani cikakken faifan situdiyo ba kuwa.

Ward ya dawo daga ƙarshe. Ranar 5 ga Yulin 2025 su huɗun suka hau dandamali a filin Villa Park, cikin unguwar Aston ta Birmingham inda suka taso, Ozzy na zaune a kujera saboda ƙafafu sun ƙi. Kwana 17 bayan haka ya rasu. Jiya da ƙararrawar nan ta fara bugawa ban motsa ba, na bar ruwan ya zuba har ya ɗauke, na daɗe a kwance da abin sauraron a kunnena.