Erlangen, garin kekuna da ɓerayen Sox10

Daga Farankfot a ƙasar Jamus jirgin ƙasa na shiga zuwa Nurembag, na canza wani ƙarami zuwa Erlangen, tafiyar daga Nurembag ba ta kai rabin awa ba. Garin ƙarami ne amma kekuna kamar me, malami da ɗalibi kowa a kan keke, jami'arsu kuwa tun 1743 take.

Wani ƙanina da ke digiri na uku a can ne ya tare ni a tasha, ko jakata ban ajiye ba ya ce Yaya zo ka ga abin da ke hana ni barci. Ya zaunar da ni gaban maikroskop ya sa yankakken lakar ɓera, wai waɗannan ɗige-ɗigen su ne oligodendrosait, ƙwayoyin da ke naɗe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka da wani abu mai suna mayelin, kamar robar da ke jikin wayar lantarki, idan akwai shi saƙo na iya gudun mita 100 a daƙiƙa, idan babu sai jan ƙafa.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne ba haka kawai ƙwayar ke zama mai naɗi ba, akwai wasu furotin da ke hawa kan DNA su kunna wannan su kashe wancan, kuma bi da bi suke zuwa. Olig2, wanda aka gano a 2000, shi ke fara aiki, a laka ma wuri ɗaya ne ke fara fitar da jijiyoyin motsi daga baya ya koma fitar da waɗannan ƙwayoyin. Sannan Sox10, nan fa garin ke alfahari, don a ɗakin binciken Michael Wegner aka nuna a 2002 cewa ɓeran da ba shi da Sox10 ƙwayoyin suna fitowa, su bazu har inda ya kamata, amma su tsaya cak ba naɗi. Sox10 ɗin ne ke kunna wani furotin mai suna Myrf, su biyun su haɗu su kunna MBP, ɗaya daga cikin furotin ɗin mayelin, da sauran kayan mayelin. Su Id2 da Hes5 kuma birki suke takawa kada a fara da wuri.

Da yamma muka ci shawarmar Turkawa kusa da tasha, yana ta min bayanin cutar MS (multiple sclerosis), inda mayelin ke lalacewa kuma sau da yawa ƙananan ƙwayoyin suna nan a wurin ciwon amma sun kasa ƙarasa girma, shi ya sa ake ta bin diddigin birkin nan. Jirgin komawa ya makara, na sha sanyi a dandamali wallahi.