Littafin da ba a taɓa rubutawa ba

Jiya na raka ɗiyar yayata kare kundin lisans ɗinta a wata jami'a mai zaman kanta a nan Yamai. Ita dai ta haye, alhamdu lillahi. Yaron da ya gabace ta ne ya tsaya mini a rai. Wani malami ya tambaye shi inda ya samo wani littafi da ya ambata har da shafi. Shiru. Ashe babu littafin a duniya, ChatGPT, manhajar nan da ke rubuta amsa idan an yi mata tambaya, ita ce ta ƙago shi. Manhajar tana jera kalmomi ne bisa abin da ya fi yiwuwa ya biyo baya, ba ta shiga laburare ta duba.

Tausayinsa ya kama ni, domin ba wanda ya taɓa faɗa musu iyakar abin da aka yarda. Tun Nuwamban 2022 abin nan yake cikin wayoyin ɗalibai. Jami'ar Sciences Po ta Faransa ta hana amfani da shi a ɓoye tun Janairun 2023, UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma ta fitar da jagora kan amfani da irin waɗannan manhajoji a Satumban shekarar. Mu fa? Muhawararmu a kan mulkin jami'a takan tsaya a wa zai naɗa shugaba da bashin alawus ɗin ɗalibai, kuma duk suna da muhimmanci, ban musa ba.

Ni a ganina hani ba zai yi aiki ba. A rubuta doka, a ƙara wa jarrabawar baki maki. Malamai, ku da kuke duba kundaye, yaya kuke yi?