Godiya ga waɗanda suka saurari hancin uwa

Alhamdulillahi. Jiya 'yarmu ta cika shekara uku, kuma da ƙafarta ta tako ta kama hannuna ta ce, "Baba, zo." Na daɗe ina bin kaina bashin wannan godiya, yau zan sauke.

Mahaifiyarta ce ta fara lura. Tun tana wata huɗu take ce min akwai wani wari a fitsarin yarinyar da guminta, kamar warin ɓera a ɗakin da ya daɗe a rufe. A wanke, a sake kaya, warin yana nan. Gashinta ya fara dusashewa, ƙuraje suka feso mata, wuyanta ya ƙi tsayawa, daga baya jijjiga ta shigo. Mun zaga asibitoci uku. A ɗaya daga ciki har aka ce wa mahaifiyarta ta ƙara kula da tsafta. Ranar ta yi kuka a mota har muka iso gida.

Godiyata ta farko ga Farfesar ilimin sinadaran jiki da wani ƙaramin likita ya tura mu wurinta. Ta roƙe ni kada in ambaci sunanta. Ba likitar yara ba ce, aikinta duk a ɗakin gwaje-gwaje yake, tana bin cututtukan gado da mutum zai yi shekaru yana aikin asibiti bai ga ko ɗaya ba. Da mahaifiyar yarinyar ta ambaci warin, sai Farfesa ta ajiye biro ta ce, "Maman yarinya, sake faɗa min, a hankali." Bayan sati biyu sakamako ya fito: fenilketonuriya, wadda ake taƙaitawa da PKU. Yarinyar tana wata tara.

Ta zana mana abin a bayan takarda. A cikin furotin akwai wani sinadari, fenilalanin, da hanta ke juyawa zuwa tairosin. Hantar 'yarmu ba ta iya wannan aikin, sai sinadarin ya taru a jini ya riƙa illata ƙwaƙwalwa. Adadinsa a jininta ya haura 1,200 a ma'aunin gwajin, alhali ana son na yaro mai cutar ya tsaya tsakanin 120 da 360. Ni da mahaifiyarta kowa yana ɗauke da ƙwayar gadon ba tare da ciwo ba, kuma kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi ɗan da cutar. "Ba laifin kowa a cikinku," in ji ta. Ranki ya daɗe, wannan maganar kaɗai ta ɗauke wa gidanmu dutse.

A bakinta na ji sunayen da yanzu nake yi wa kallon masu alheri a kanmu. A 1934, a Oslo ta ƙasar Norway, wata uwa ta kai wa Dakta Asbjørn Følling 'ya'yanta biyu, ita ma saboda wari. Bai kore ta ba. Ya ɗiga wani sinadarin ƙarfe a fitsarin yaran, ya koma kore, abin da bai taɓa gani ba, ya bi diddigi har ya gano cutar. Sai Horst Bickel da abokan aikinsa Evelyn Hickmans da John Gerrard a Birmingham ta Ingila. Su ma wata uwa ce ta hana su sakat a kan 'yarta mai shekara biyu, har suka tace furotin da gawayi suka cire fenilalanin, suka wallafa sakamakon a 1953. Garin da muke dama wa 'yarmu kullum, jikan wannan aikin ne. Sai Robert Guthrie na Amurka, wanda a farkon shekarun 1960 ya fito da gwajin ɗigon jinin diddigen jariri a kan takarda. Da an yi wa 'yarmu shi a makon haihuwarta, da ba ta rasa wata taran nan ba. Wannan yana ci min rai har gobe.

Ina godiya ga jami'ar kula da abinci da ta koya mana auna kowace loma a sikeli, ta hana nama, kifi, ƙwai da madara, ta nuna mana yadda za mu duba kwalba mu guji abin zaƙin nan aspatam mai ɗauke da fenilalanin. Ga ɗaliban Farfesa da ke karɓar jinin gwaji har ranakun hutu. Ga 'yan'uwan da suka daina miƙa wa yarinya abin hannunsu sai sun tambaya. Na san ba sauƙi gare ku ba, musamman kakarta. Allah Ya saka wa kowa da alheri.

Maman yarinya, ke kuma ban san da bakin da zan gode miki ba. Sau nawa na ce miki ni ban ji warin komai ba? Ki yafe min.

Gwajin watan jiya ya nuna 290. Maganarta tana bayan ta sa'o'inta, ana ci gaba da yi mata horon magana, kuma muna jiran ƙaninta ko ƙanwarta nan da wata uku. Farfesa ta riga ta ajiye takardar gwajin diddige. Ku sa mu a addu'a.