Abin da aikin gwajin jini ya koya mini game da yarda da masana

A ɗakin gwajin jini, ba a taɓa jinin kowa da safe sai an fara gwada na'ura da samfurin da aka riga aka san sakamakonsa. In ta kauce, aiki ya tsaya har a gano dalili. Sakamakon da ya zo da ban mamaki kuwa maimaita shi ake yi, wani lokaci a aika wani ɗakin gwajin ya tabbatar. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji mutum ya kalli ɗan bidiyo a waya ya yanke hukuncin cewa likitoci duk bakinsu ɗaya wajen yaudarar jama'a.

Hujjar da masu wannan ra'ayi suka fi riƙewa ita ce ai masana ma suna kuskure. Haka ne. An daɗe likitoci na ɗora alhakin gyambon ciki kan damuwa da yawan asid, har Barry Marshall da Robin Warren na Ostareliya suka ce ƙwayar cuta ce mai suna Helicobacter pylori. Ba a saurare su ba da farko. A 1984 Marshall ya sha ruwa mai ɗauke da ƙwayar, ya kwanta ciwon ciki. To amma wa ya tabbatar da maganarsu? Likitocin nan dai da ake zargi. Su suka sake gwaji a asibitoci daban-daban, suka ga maganin kashe ƙwayoyin cuta na warkar da gyambon, suka sauya yadda suke magani. A 2005 aka ba mutanen biyu kyautar Nobel.

Shi ma Andrew Wakefield, wani likita ɗan Birtaniya, ya saɓa wa jama'ar likitoci a 1998, lokacin da ya danganta allurar rigakafin ƙyanda ta MMR da galahanga (wato autism), bisa binciken yara 12 kacal. Aka bi maganarsa da irin wancan bin diddigin. A Denmak an duba yara sama da 500,000, ba a ga alaƙa ba. A 2010 mujallar likitanci ta Lancet, wadda ta buga binciken Wakefield, ta janye takardar, aka kuma soke lasisinsa na aikin likita a Birtaniya. Kafin nan iyaye da yawa sun tsorata sun daina kai yaransu rigakafi, ƙyanda ta sake yaɗuwa a Ingila. Wannan ne ya fi yi mini ciwo, don yaran ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Yarda da nake yi wa ƙwararre ta samo asali ne daga sanin cewa akwai wasu ƙwararrun a bayansa, masu neman inda ya yi kuskure.

Mu ma'aikatan lafiya muna da namu alhakin. Mara lafiya ya tambayi dalilin wani magani, a ɗaure masa fuska a ce ya je ya sha kawai. Yana fita zai tarar da mai tallan maganin kowace cuta, wanda zai zauna ya saurare shi da fara'a. Tambayar da aka ƙi amsa masa a asibiti, can zai kai ta.