Atamfar da na saya dab da magariba

Jiya ina gyaran durowa na ci karo da atamfar da na saya a kasuwar Sabon Gari ana saura kwana huɗu ƙaramar Sallah. Sau ɗaya na sa ta. Har yanzu raina na sosuwa in na tuna.

Dab da magariba na shiga shagon, an riga an kunna fitila. A hasken ƙwan nan shuɗiya na gan ta, washegari da hantsi na baza ta a tsakar gida sai ga ta ta fi kusa da kore. Mayafin da na saya dominta bai shiga da ita ba ko kaɗan. Ban kuma murza gefenta na ji ko sitaci ne ya ba ta ƙarfi ba. Wankin farko ta saki, ta yi laƙwas, ruwan bokiti ya rine.

Sai ɗinki. Na nuna wa tela hoton wata doguwa a waya, alhali ni gajeriya ce. Ya ce, "Hajiya, wannan hannun zai yi miki yawa." Ban saurare shi ba, kuma gaskiyarsa ce.

Yanzu da rana nake shiga kasuwa, in fito da kaya bakin ƙofa in duba, mayafina a jaka don in gwada. Ɗinkin Sallah kuwa tun kafin azumi nake kaiwa Tudun Wada, domin a goman ƙarshe kekunan teloli ba sa hutawa, aikin gaggawa kuma a wuyan riga yake fara nunawa. Bana turmi ɗaya mai kyau, yadi 6, ya ishe ni.