Kano zuwa Kaduna kaset uku ne

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai taɓa auna tafiya da kilomita ba. In ka tambaye shi nisan Kano zuwa Kaduna sai ya ce maka kaset uku ne, in za a tsaya salla da cin tsire a Zariya a ƙara rabi. Kaset ɗin da yake nufi shi ne mai C60 a jiki, minti 30 kowane gefe. Lissafin nasa kuwa bai cika kuskure ba.

Fijo 504 gare shi, fara, haɗin Kaduna, daga kamfanin nan da ya fara harhaɗa motoci a 1975. Rediyon cikinta ba da shi ta zo ba, wani mai wayarin ne ya dasa masa, da sifika biyu a bayan kujerar baya waɗanda in aka ƙure murya sai su riƙa zizar ƙudan zuma. Kaset-kaset ɗin suna cikin wani kwalin takalmi a ƙarƙashin kujerar mai zaman banza, kuma akwai doka a kansu. Daga an karanta addu'ar hawa abin hawa an bar Na'ibawa, karatun Alƙur'ani ne har a wuce Kura. Daga nan tafsiri. Sai an kai wajen Kwanar Ɗangora, rana ta take, barci ya fara sallama, sannan zai ce da ni, "Kai, ɗauko mana mai kalangun nan." Innarmu tana da kaset guda na waƙoƙin Indiya a jakarta, wanda ba ya samun shiga sai Baba ya fita alwala. Da ta hango shi yana tahowa yana gyara hula za ta ce in cire maza.

Ni ne yaron rediyo, kayan aikina kuwa biro. Duk wanda ya yi zamanin ya san ranar da rediyo zai "ci" kaset: murya ta fara jan ƙafa kamar mai maye, sai ɗif. Ka zaro kaset a hankali, zaren yana biyo shi kamar hanjin kaza, ka lallaɓa ka ciro wanda ya naɗe a ciki, ka miƙar da shi a kan cinya, ka zura biro a rami ka yi ta juyawa. In ya tsinke, a haɗa da ɗan salatif ko jan farcen Inna. Wurin da aka yi ɗinkin ba ya komawa daidai har abada. Akwai wata waƙa da har yau in na ji ta a waya, tas da ita ba ƙura, sai in tsinci kaina ina jiran gurin da muryar mawaƙin za ta karkace, don a kaset ɗinmu a nan ta taɓa tsinkewa. Mun kuma yi asarar guda biyu da aka manta a kan dashbod cikin zafin Afrilu, muka dawo muka tarar sun lanƙwashe kamar ɓawon gurasa.

Abin da ban lura da shi ba sai da na girma na fara tuƙi da kaina shi ne, ban taɓa ganin Baba ya kalli rediyon nan ba. Ko sau ɗaya. Hannunsa ne ya san shi. Maɓallin murya mai murɗawa ne, na fitar da kaset ya fi sauran tsawo, na turawa gaba in ka danna sai ka ji ƙas a yatsanka. Zai juya kaset daga gefe zuwa gefe da hannu ɗaya alhali idonsa na kan tirelar da yake shirin wucewa. Zaɓi ma ba shi da yawa, abin da ke kan zaren shi za a ji, a jere, ko ana so ko ba a so.

Kamfanin Philips ne ya fito da kaset a 1963, Sony kuma ya kawo Walkman a 1979, aka fara yawo da kiɗa a ƙugu. Sai faifan CD ya zo, aka ce kaset ya mutu. Wataƙila a titunan Jamus. A namu titin, kowane rami sai faifan ya yi tuntuɓe ya maimaita kalma ɗaya sau biyar, ga ƙura tana kankare shi. Direbobin haya da na sani ba su wani daɗe da shi ba, da yawansu daga kaset kai tsaye suka tsallaka zuwa memori.

Motata ta farko 'yar Kwatano ce da aka yi wa kasuwar Amurka, ƙirar shekarar 2000. A nan na koyi cewa rediyo ma yana da ƙasarsu. A Amurka tashoshin AM tsallen goma-goma suke yi, mu kuwa nan tara-tara. Saboda haka Rediyon Kaduna da ke kan 594 ba ya zama daidai, sai dai ka tsaya a 590 ko 600 ka ji shi da shashshaka kamar ana suyar ƙosai a bayan mai labarai. Haka Rediyon Kano a 729, sai dai 730. A FM kuma lamba mara ce kawai yake tsayawa a kai bayan ɗigo. Allah ya taimake ni tashoshin da nake ji a Kano duk haka suke, Freedom a 99.5, Rediyon Kano a 89.3, Rahama a 97.3. Ga kuma jarabar lambar sirri. Ranar da aka fara cire min batir a gareji, rediyon ya kulle bakinsa ya ce sai an ba shi wasu lambobi, katin da suke jiki kuwa yana can wajen wani Bature da ya sayar da motar shekaru da suka wuce. Mako biyu na yi ina tuƙi shiru, ni da ƙarar taya.

Amma motar tana da ramin kaset, kuma a nan na haɗu da abin da har yau nake ganin ya fi duk wata dabara da aka yi a wannan fanni: kaset ɗin ƙarya mai wutsiya. Siffarsa ta kaset, amma ba zare a cikinsa. Wani ɗan kai ne na maganaɗisu a ciki da yake manne wa kan rediyon, wutsiyar kuma ka soka ta a ramin iyafis na waya ko na 'yar MP3. Rediyon yana zaton kaset yake karantawa, alhali waya ce take yi masa raɗa. Ba batir, ba caji, ba neman tasha. A lokacin masu kuɗi suna ta yayin iPod, wanda Apple ya fitar a 2001, ni kuwa 'yar Nokia ce da memori mai giga biyu, kuma sauti ɗaya muke sha. Aibinsa guda, ƙafafun roba da ke ciki suna ɗan ƙyas-ƙyas, wani lokaci kuma rediyon ya yi ta juya shi gefe zuwa gefe yana neman ƙarshen zaren da babu.

Da na canza mota, sabuwar ba ta da ramin kaset, ba ta da na AUX da ake jona waya, sai CD kawai. Dole na koma ga modileta, 'yar na'urar nan da ake sokawa a wurin kunna sigari. Ita ƙaramar tashar rediyo ce, tana watsa abin da ke cikin filas ko waya a kan lambar FM da ka zaɓa, rediyon motarka ya kama. Na sayi tawa a kasuwar waya ta Farm Centre, na biya wajen masu turi aka cika min filas. Sai dai ita modileta gurbin da ba kowa take so, kuma tashoshi sun yi yawa yanzu. Lambar da take fayau a Kano, kana dosar Zariya sai ka ji wata tasha ta kutso kai, mai tallan maganin basir ya hau kan mawaƙinka su yi ta kokawa. In ka taka totur kuma wani siririn fito ya biyo, yana hawa yana sauka tare da injin. Ga waƙoƙin ba sa bin sunan da ka sa musu, yadda aka tura su haka za su fito, shi ya sa za ka ji wa'azi ya ƙare, kiɗan biki ya faɗo a kansa ba sallama. Rimot ɗinta kuwa bai kai akwatin ashana kauri ba, kullum yana ƙarƙashin kujera.

Modileta mai Bluetooth da na saya daga baya ta zo da tata fitinar. Wata rana na ɗauko surukata daga asibiti, uwargida tana gefena, sai kira ya shigo ta sifikun mota gaba ɗaya. Abokina ne, kafin in buɗe baki ya ce, "Mutumina, yaya maganar amaryar tamu, ko har yanzu tsoro kake ji?" Wasa ne muke yi tun muna makaranta, wallahi babu wata amarya. Hajiya surukata ta juya tana kallon taga kamar ba ta ji ba. Sauran bayanin na yi shi a gida, kwana uku ina yi.

Wannan abin dariya ne. Wanda ba na dariya ba ya same ni ne a hanyar da Baba yake aunawa da kaset, kusa da inda yake cewa a ɗauko mai kalangu. Ni kaɗai ne, ina kan gudu 100, waya tana kan cinyata. Wata waƙa ta shigo da ba na so, na ce bari in nemo wata. Waya ba ta da maɓallin da yatsa zai lalubo, gilashi ne sumul, dole sai ido. Na sunkuya, na buɗe, na ja jerin sama. Da na ɗago, wata tanka da ke gabana ta rage gudu saboda awaki, bayanta ya cika min gilashi har ina karanta rubutun jikinta. Na taka burki, motar ta yi wutsiya, na faɗa gefen titi cikin ƙura. Ban taɓa tankar ba. Na fi minti goma a zaune ƙafata tana rawa a kan feda, waƙar da na tsana kuwa tana ta yi abinta, don ko canza ta ban kai ga yi ba.

Da na dawo gida na yi lissafi. Mai gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Daƙiƙa uku na kallon waya sun haura mita 80, ka kusa ƙure filin ƙwallo ido a rufe. Ni kuwa na tabbata na fi daƙiƙa uku. Jami'an kiyaye haɗurra suna kama mai amsa waya a kan tuƙi, kuma daidai ne, amma a ganina mai neman waƙa ya fi mai amsa kira haɗari, don shi mai kira ko ba komai idonsa na kan hanya. Kada ma a yi maganar masu toshe kunne biyu da iyafis, musamman 'yan adaidaita sahu da matasa masu babur. Ka yi ta danna oda a bayansa, shi yana wata duniya yana gyaɗa kai.

Kwanaki na kai motar wajen mai wayarin saboda sifikar ƙofa ta daina yi. Yaro ne mai hannu, ya gyara cikin minti ashirin, sannan ya fara yi min talla.

"Alhaji, wannan rediyon ai ya tsufa. Kawo in sa maka allon Android, inci tara. Ga taswira, ga kyamarar baya, har YouTube za ka kalla."

Na ce, "Injiniya, ina tuƙin zan kalla?"

Ya yi dariya ya ce, "Ai akwai wata waya da ake haɗawa da burkin hannu, don kada hoto ya yi sai mota na tsaye. Mu dai muna haɗe ta da bodi, shi ke nan ko kana gudu zai yi. Kowa haka yake so."

Gaskiya ya faɗa, kowa haka yake so. Na sha shiga motar haya zuwa Kaduna direba ya kunna fim a allon gaba wai don fasinja, amma duk sanda aka zo wurin faɗa ko rawa sai ka ga ƙeyarsa ta karkata. Kyamarar bayan ta burge ni, ba zan ɓoye ba. Amma na tambaye shi ko allon yana da abin murɗa murya, ya ce a'a, shafawa ake yi. Na ce a bar min tsohona.

Yanzu ga yadda nake yi. Daren tafiya nake zama da kwamfuta in shirya filas, folda uku, kowace awa guda, in tura su ɗaya bayan ɗaya don su fito a jere. Ta farko karatu, ta biyu tafsiri ko wani shiri da na sauke, ta uku kalangu da kukuma. Waya tana shiga aljihun mota. In da abin canzawa, babbar 'yata ce a gidan gaba, ita ke riƙe da rimot, kuma ta fi ni tsanani, ko hannu na miƙa sai ta ce, "Abba, hanya."

A tafiyarmu ta ƙarshe wata tirela ta faɗi bayan Zariya, muka yi kusan awa guda a gosulo. Folda ta uku ta ƙare tun ba mu kai Jaji ba. Motar ta yi tsit, yarinyar ta dube ni tana jiran umarni. Kafin in ce a koma farko, sai ga hannun uwargida daga kujerar baya, riƙe da wani ɗan jan filas da ban taɓa sanin tana da shi ba. Na Indiya ne. Da shi muka shiga Kawo.